Wadan Tauraron da Fusako Ta Tsinto

Shekara talatin da huɗu muka yi ni da Fusako Ishitobi muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a kamfanin kifi na bakin tashar jiragen ruwan garinmu. Aikinmu tsince tsutsa daga jikin kifin saba. Za a feɗe kifi, a shimfiɗa tsokar a kan teburin gilashi mai fitila a ƙarƙashinsa, mu kuma mu sunkuya da hantsaki. Tsutsar fara ce, siririya kamar zare, tana naɗe a cikin nama. In ka zaro ta sai ta yi ta murɗewa a bakin hantsakin. Har na bar aikin tsigar jikina ba ta daina tashi ba. Fusako kuwa ko a jikinta. A wuni takan cika ƙaramin kwano biyu, ni da ƙyar nake cika ɗaya, kuma ba a taɓa dawo da kifin da ya bi ta hannunta ba.

Abin da aikin ya bar mana shi ne ƙarni. Ba sabulun da ba mu gwada ba. In muka shiga bas da yamma, mutanen da suke cin kifin nan ɗanye suna lashe baki, su ne za ka ga suna matsawa jikin taga. Ni nakan harare su. Fusako takan ce in ƙyale su, hanci nasu ne.

Tana da shekara goma sha biyar ta bar makaranta. Mijinta Noboru masunci ne, ciwon hanta ya kashe shi tana da arba'in da ɗaya, ita kaɗai ta reni 'yarsu Harumi har ta yi aure a Osaka. Mace ce gajera, mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. Da kamfani ya sayo na'urar da take gano tsutsa da kanta, aka sallame mu rana ɗaya, aka ba kowace tawul da takardar godiya. Lokacin Fusako tana da sittin da uku. Wata biyu ta yi tana goge gidan da babu datti a cikinsa, sai Harumi ta aiko mata da tsohuwar kwamfutarta, ta ce ta je zauren unguwa a koya mata.

A can muka faɗa hannun Kadowaki-sensei.

Shi ya koyar da kimiyya a makarantar garinmu shekara da shekaru, ba gidan da ɗansa bai bi ta ajinsa ba, don haka ko da ya yi ritaya kowa Sensei yake ce masa, wato malam. Shi ne shugaban ƙungiyar masu kallon taurari, a garin da gajimare yake rufe sama tun daga watan Nuwamba har Maris. Yana shafa wa gashinsa wani mai da warinsa yake riga shi shiga ɗaki. In yana magana farin yawu yakan taru a gefen bakinsa, ya yi kumfa, ya ƙi faɗuwa, kai kuma ka kasa ɗauke ido. Ban taɓa jin ya ce bai san abu ba.

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe yake koya mana. Wata rana ya nuna mana wani shafi a intanet inda masana suke neman taimakon jama'a. Akwai madubin hangen nesa da aka harba sararin samaniya, wanda yake ganin ɗumi maimakon hasken da ido yake gani. Ya ɗauki hoton sama sau da yawa cikin shekaru, hotunan sun yi wa masanan yawa. Za a nuna maka hoto huɗu na wuri ɗaya suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka duba ko akwai ɗigon da ya gusa. Taurari na nesa ba sa motsi a hoton. Abin da ya gusa, to kusa da mu yake. Sensei ya ce tsofaffi ba sa riƙe kalmar sirri, saboda haka ya shigar da mu duka da sunan ƙungiyarsa.

Mu goma sha ɗaya ne a ajin. Kafin sati biyu kowa ya watsar, ni ma kaina ya yi ta ciwo. Fusako ta ɗore. Kullum in ta ci shinkafarta ta safe ta shanya wanki, sai ta zauna, ta sa ƙafafunta a ƙarƙashin bargon tebur mai ɗumi, ta yi ta kallon hotunan nan masu kama da tsakin shinkafa a kan baƙin faranti har azahar. Na tambaye ta me take samu a ciki. Ta ce idonta ne ya saba da nema, in bai nemi wani abu ba sai ya yi ta ƙaiƙayi.

Cikin watan Fabrairu ta kira ni ta ce in zo in ga wani abu. Na je, na sa tabarau, na ƙura ido, ban ga komai ba. Ta ɗora tsinken sakace a jikin gilashin. Wani ɗigo ne ja-ja, dishi-dishi, wanda in ka ƙifta ido ya ɓace maka. A hoto na farko yana nan, a na huɗu ya ɗan matsa hagu.

Ranar Talata ta nuna wa Sensei. Bai ko zauna ba. Ya leƙa ta saman kanta, ya ce datti ne na na'ura, irin wanda yake fitowa kusa da tauraro mai haske. Ta ce masa a hankali irin wancan dattin rawa yake yi, ya yi gaba ya yi baya, wannan kuwa hanya ɗaya ya miƙe. Ya yi dariya ya juya ga sauran ajin.

"Ishitobi-san," ya ce, "sama ba cikin kifi ba ce."

Aka yi dariya. Ni ma na ɗan yi murmushi, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Da ta koma gida ta yi wa ɗigon alama a shafin, ta rubuta a ƙarƙashinsa da yatsa ɗaya: wannan tafiya yake yi, ba datti ba ne, don Allah a duba, ta sa sunanta Fusako. Washegari Sensei ya ga rubutun. Ya rubuta a ƙasan nata cewa shi ne shugaban ƙungiya, a yi haƙuri, wata dattijuwa ce da ba ta da ilimin abin, datti ne kawai. Fusako ta karanta, ta rufe kwamfutar, ta je ta jiƙa wake.

Wata takwas shiru. Sai ga saƙo daga wata masaniyar taurari a wata jami'a, Dakta Yonemura. Da yake da sunan ƙungiya aka yi rajista, akwatin Sensei saƙon ya faɗa. Ta ce sun juya babban madubi wajen ɗigon, kuma da gaske ne. Wadan tauraro ne, irin wanda ya fi kowace duniya da ke kewaya ranarmu nauyi amma bai kai ya kama wuta kamar rana ba, sai ya yi ta hucewa a cikin duhu. Wannan kuwa yana cikin mafiya sanyi da suka gani. Ta ce sauran aiki shi ne auna nisansa, kuma zai ɗauki kusan shekara biyu.

Mu ba mu ga saƙon ba. A jaridar lardi muka ga labarin, da hoton Sensei ya dafa madubinsa na gida, wanda ko giyar wake ya sha ba zai hango ɗigon nan da shi ba. An rubuta cewa tsohon malami ya gano sabon maƙwabcin rana bayan shekara arba'in yana bautar kimiyya. Na ɗauki jaridar na tafi gidan Fusako ko takalmin kirki ban sa ba. Na same ta tana yanka kabewa. Ta karanta har ƙarshe, ta tambaye ni ko wannan yana nufin ɗigon nata ba datti ba ne. Na ce abin da ya dame ta ke nan? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ita kuma tana tambayar datti.

"Sumie-chan," ta kira sunana, ta ce, "da sunan ƙungiya aka shiga. Kuma shi ya koyar da Harumi."

Na ce in ita ba za ta yi magana ba ni zan yi. Ta roƙe ni kada in yi, ta ce garin ƙarami ne, a kasuwa ɗaya muke sayen tofu, wato awara. Na haƙura. Shekara biyu ina shiru, abin yana cina.

A shekara biyun nan na ga abin da ban taɓa zaton zan gani a garinmu ba. Ofishin magajin gari ya rataya tuta a tashar jirgin ƙasa, an rubuta Garin Tauraron Kadowaki. Mai kantin kayan zaƙi ya fara gasa ɗan burodin zaƙin da ake kira manju, mai ruwan ƙasa, ya sa masa suna wadan tauraro, ya cusa masa waken zaƙi har yana ɗanko a dasashi. Sensei ya zagaya makarantun lardi yana ba yara labarin yadda zuciyarsa ta buga da ya ga ɗigon. Kowane zuwa labarin yana ƙara ƙiba. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne mutum tara da suke ajin nan ranar da ya yi mata dariya. Duk sun ji da kunnensu. Amma ka gan su a layin gaba suna tafi, wata ma har tana cewa ita ta tuna ranar da Sensei ya nuna musu ɗigon.

Fusako ba ta fasa zuwa ajin Talata ba. Takan gaishe shi ta sunkuya yadda ta saba. Shi kuma ya daina kallon inda take.

Da aka gama awo, Dakta Yonemura ta ce za ta zo da kanta ta faɗa wa mutanen gari sakamakon. Aka sa rana cikin Oktoba, ƙarfe biyu, a babban zauren taro. Matan ƙungiya aka ba aikin shayi. Matar Sensei ce ta raba aikin. Ta sa 'yan'uwanta kai wa baƙi, ni da Fusako ta ce mu tsaya a kicin wajen wanke kofuna, wai mun fi kowa sabo da ruwa. Tana faɗa tana ɗan taɓa hancinta da yatsa. Shekara huɗu rabonmu da kamfanin kifi.

Ta ƙofar kicin muka saurara. Daktar ba ta wuce shekara arba'in ba, siririya, da jakar goyo kamar ɗaliba. Magajin gari ya yi jawabi, Sensei ya yi nasa na minti arba'in, sannan aka ba ta. Ta ce kowa ya miƙa hannu ya ɗaga babban yatsa, ya rufe ido ɗaya, sannan ya sauya ya rufe ɗayan. Yatsan zai yi kamar ya yi tsalle. In yatsan yana kusa da fuska tsallen ya fi girma, in ya yi nisa sai ya ragu. Ta ce haka suka yi da ɗigon: suka ɗauki hotonsa duniya tana wannan gefen rana, bayan wata shida suka sake ɗauka tana wancan gefen, suka yi ta maimaitawa. Tsallen da ya yi ƙanƙane ne ƙwarai, amma ya isa a yi lissafi. Haske zai yi shekara ashirin da ɗaya kafin ya iso nan daga can. A wajen masu taurari, in ji ta, wannan maƙwabci ne na jikin katanga. Ɗuminsa kuma bai wuce na ruwan wankan da muke shiga da yamma ba.

Na waiga na ga Fusako ta ɗaga yatsanta mai kumfar sabulu tana rufe ido ɗaya.

Sai Daktar ta ajiye takardarta ta ce akwai wadda ta zo gani. Ta ce a ƙarƙashin ɗigon akwai rubutu biyu. Na farko ya ce a duba, na biyu ya ce datti ne. Da na biyun suka bi, da yau ba a taru ba. Ta karanta na farkon da ƙarfi, yadda aka rubuta shi.

"Wace ce Fusako-san?" ta ce. "Tana nan?"

Sensei ya miƙe ya fara bayanin cewa aikin ƙungiya na kowa ne, shi ya horar da idon ɗalibansa, kuma rubutu na biyun ya yi shi ne don ya gwada masana. Kumfar bakinsa ta taru fiye da kullum. Daktar ta saurare shi har ya gama, ta sake tambaya ko Fusako-san tana nan. Ba wanda ya motsa cikin mutum taran nan. Ni na kama hannun Fusako na ja ta, tana turjewa, da rigar aikin kicin a jikinta, na ce ga ta nan, tana wanke muku kofuna.

Daktar ta sauko daga dandamali ta sunkuya mata sosai. Ta tambaye ta yadda ta gane. Fusako ta faɗa mata abin da ta faɗa wa Sensei shekara biyu da rabi da suka wuce, kalma ɗaya ba ta ƙara ba. Daktar ta ce haka yake, kuma ɗalibanta biyu sun wuce ta kan hoton nan ba su ga komai ba.

Nan take Sensei ya sauya. Ya sauko yana tafi, ya ce ai ita ce zakarar ajinsa, ya daɗe yana faɗa. Mai ɗaukar hoton jarida ya ce su yi musabaha. Sensei ya kama hannunta da hannu biyu, ya washe baki, aka ɗauka sau uku. Ina tsaye a bayansa. Yana sakin hannun ya juya gefe, ya zaro hankici daga aljihu, ya goge tafinsa, ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan shinshina, sannan ya mayar. Na ɗaga kai na ga Fusako ma ta gani.

Fuskarta ta yi wani irin abu da ban taɓa gani ba a shekara talatin da huɗu na tsutsa da hanjin kifi. Leɓenta na sama ya ɗage, kamar wadda ta buɗe tukunyar da aka manta da ita sati guda.

Bayan taro Daktar ta ƙi zuwa liyafar magajin gari, ta ce jirginta na ƙarfe shida ne, ta biyo mu gidan Fusako. Aka dafa mata shayi, aka gasa kifin saba. Fusako ta tambaye ta yadda wurin yake in mutum ya je. Ta ce babu ƙasar takawa, iska ce mai kauri, kuma da hanci zai iya shaƙarta da warin fitsari da na ruɓaɓɓen ƙwai zai ji. Fusako ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce to shi ya sa ya faɗo a hannunta. Sannan ta tambaya ko za a iya buɗe mata rajista da sunanta ita kaɗai. Daktar ta buɗe mata a take. Ta ce kuma sunanta zai fito cikin jerin marubutan takardar binciken, ta sa ta rubuta shi da hannunta don kada a yi kuskure.

Da na raka Daktar tasha na dawo, na tarar da Fusako tana wanke hannu a famfo. Ta daɗe tana wankewa. Na ce mata kada ta kula shi, babu wani ƙarni a hannunta.

"Na sani," ta ce. "Man gashinsa ne ya shafe ni."

Ba ta ƙara taka ajin Talata ba. In ta hango shi a hanya ba ta sauya hanya, ba ta kuma sunkuyawa, sai ta wuce kamar ta wuce turken lantarki. A garinmu wannan ya fi zagi.

Kada wani ya ɗauka gari ya ji kunya. Jarida ta buga hoton musabahar, ta rubuta malami da ɗalibarsa. Tutar tasha ta kai bazara a rataye, da aka sauke ta kuma aka kafa allon dutse a gaban zauren taro, da sunan Kadowaki da manyan baƙaƙe, a ƙasa an ƙara da 'yan ƙungiyarsa. Mutum taran nan kowa ya zo ya same ni a ɓoye yana cewa shi dama ya sani, kuma abin ya daɗe yana damunsa. Ɗaya daga cikinsu har ta ce ban kyauta ba da na kunyata dattijo a gaban baƙi. Takardar binciken ta fito da sunan Fusako na biyar a jeri, cikin harshen da ba ta iya karantawa. Harumi ta buga shafin farko ta sa a gilashi, Fusako ta jingina shi kusa da hoton Noboru. Bara aka naɗa Sensei cikin kwamitin ilimi na gari.

Yanzu tana da saba'in da ɗaya. An yi mata aikin yanar ido a hagu, likita ya ce ta rage kallon kwamfuta, ta rage zuwa awa biyu. Ta sake yi wa ɗigo uku alama da sunanta. Biyu an ce an riga an san su, na ukun Dakta Yonemura ta ce ta jira, layin babban madubin yana da tsawo. Makarantar firamare ta aiko sau biyu tana roƙon ta je ta yi wa yara magana. Ta ce ba ta da abin faɗa da zai kai minti biyar, amma duk yaron da yake so ya zo gida ranar Asabar da safe ta nuna masa yadda ake dubawa. Yara mata biyu suna zuwa, wani lokaci da kakarsu.